Awon Marainiya

Kwana huɗu ke nan Kyauta ba ta yi kashi ba.

Wanda bai taɓa renon jariri ba zai yi dariya, ya ce har wannan ma abin tashin hankali ne? To ya je Rimawa ya dubi fuskar Bara'atu. Tun safe ta kwance nafkin ɗin yarinyar ya fi a ƙirga, kowane karo ɗan fitsari rawaya kawai take tararwa, ta mayar ta ɗaure. Yarinyar takan tanƙwashe ƙafafu, ta yi yunƙuri har fuskarta ta yi jawur, sannan ta tsanyare da kuka. Ba abin da ke fitowa.

Watan Kyauta uku a duniya, ba ta san uba ba. Yusha'u mijin Bara'atu ya rasu a haɗarin motar albasa tana da ciki wata bakwai. Bayan haihuwa kuma zazzaɓi ya kayar da ita, kafin ta tashi nono ya ƙafe ƙaf. Shi ya sa marainiyar ke rayuwa da madarar gwangwani a gidan kakarta Inna Mairo, uwar Bara'atu, mai awon gero da dawa.

Duk Rimawa an san mudun Inna Mairo. In ta cika ya yi tozo sai ta danna, ta ƙara tafi guda a kai, tana cewa ita ba za ta kwanta kabari da ƙwayar geron wani ba. Tun Bara'atu na kwance ita ke dama wa jikarta madara, har yau kuma ba ta yarda kowa ya taɓa mata cokalin.

“Inna, taɓa cikinta ki ji,” in ji Bara'atu. “Wallahi ya yi tauri. Ƙaƙa za ni yi?”

“Ki bar kukanga. Ke ma kin yi haka kina jaririya, ga ki kuwa.”

“Ni nono nis sha, Inna. Ita hwa?”

Inna Mairo ita ma ƙarfin hali kawai take yi. Ta san ba ciwon kaɗai ke cin 'yarta ba. Ranar arba'in, Hajiya Adawiyya, uwar marigayi Yusha'u, ta zo daga Wurno ta faɗi magana a tsakar gidan nan kowa na ji. Ta ce Kyauta jininsu ce, aro ta ba su don tausayi, ranar da ta ji ko mura yarinyar ta yi za ta zo ta ɗauki abinta.

Maganar ƙauye kuwa ba ta jiran mota. Hantsi bai gama dubawa ba suka ji tsayuwar mota a ƙofar gida.

Bara'atu ta ƙanƙame Kyauta.

Hajiya Adawiyya ta shigo da sallamar da ba ta jira amsarta ba. Doguwar mace ce mai haƙorin Makka, irin waɗanda in suka shiga gida sai kaji ma su san an yi baƙo. Bayanta ɗanta Sa'adu, ƙanen marigayi, ya tsaya bakin zaure yana kaɗa makullin mota.

Bara'atu ta durƙusa har ƙasa. “Hajiya, ina kwana? An zo lahiya?”

“Da lahiya ka gan ni da sahe haka? Miƙo min ɗiyata.”

Ta karɓe ta, ta kwantar a cinya, ta danna cikin da yatsu biyu. Kyauta ta callara ƙara. Bara'atu ta zabura kamar ita aka danna.

“Dubi min marar kunya,” in ji Hajiya. “Ɗiyar hwari ta, amma kina rawar jiki bisanta gaban manya. Kwana nawa ke nan?”

“Huɗu, Hajiya.”

“Huɗu! Kunka zauna kuna kallonta, sai ta mutu ku aiko min?” Ta zuge jaka ta fito da wata kwalba mai baƙin ruwa. “Jiƙo na, da 'yar kanwa. Mairo, yanko min ɗan sabulu siriri in sa mata ta ƙasa. Dut ɗiyana haka niy yi masu.”

Bara'atu ba ta san lokacin da ta riƙe hannun surukarta ba. Ita da ko ido ba ta iya haɗawa da matar nan.

“Don Allah Hajiya, don Annabi, kak ki ba ta. Ranar allura an ce mana kak a ba ta komi sai madara. Hanjinta bai yi ƙwari ba.”

“Sake min hannu! Ke za ki koya min reno? Ni niy yi renon wanda yay yi maki cikin.”

Ana cikin haka aka ji sallamar namiji daga waje, murya mai sanyi. Bara'atu ta gane muryar. Duk duniya ba wanda take son gani kamar mai muryar nan, kuma ba wanda take tsoron a gani yau kamarsa.

Musaddiq ne, masunci daga bakin dam ɗin Goronyo. Shi ya fara son ta tun tana kai wa babanta abinci fadama, amma dangi suka ce ba sa ba mai ƙarnin kifi, ya haƙura ya koma ruwansa, bai kuma yi aure ba. Da ta yi arba'in ya dawo. Sauran manema kan zo zance da turare da atamfa, shi kuwa gwangwanin madara yake ɗaurowa a bayan babur, duk wanda ya kusa ƙarewa sai ga shi da wani. Abin da ya ƙarasa sace zuciyar Bara'atu ke nan.

Hajiya ta leƙa ta gan shi riƙe da baƙar leda. Ta dubi gwangwanin da ke kan kujera, ta dubi Bara'atu, ta gyaɗa kai a hankali.

“Ashe. Wanga na ka kawo madarar?”

Ba ta jira amsa ba.

“Yanzu nig gane. Wane namiji ka son agola? Ya ga ɗiyag ga ita ta tsare mai hanya, shi na yas sa abu cikin gwangwani ya ɗaure mata ciki.”

“Inna lillahi! Hajiya!” Bara'atu ta ɗora hannu a ka.

Musaddiq ya durƙusa daga inda yake, bai ɗaga murya ba. “Hajiya, Allah shi na shaidata. Amma ba yau ta ranar rantsuwa ba, yarinya na wahala. Mu tahi asibiti Goronyo da ita da gwangwanin. In anka samu wani abu ciki, ki miƙa ni ga hukuma da hannunki.”

Ba tausayi ne ya sa Hajiya ta yarda ba, son ta kama shi dumu-dumu ne. Ta mayar da kwalbarta jaka ta ce a tafi.

A mota Kyauta ta gaji da kuka, ta yi laƙwas a ƙirjin uwarta. Wannan shirun ya fi kukan tsoratar da Bara'atu. Bini-bini take kai yatsa hancin yarinyar ta ji ko tana numfashi. Inna Mairo na gefenta, rungume da gwangwani da filas da fida, tana jan salati. Ta madubi ana hango Musaddiq a kan babur yana bin su.

Sa'adu ya gyara madubin don ya daina ganinsa.

“Bara'atu, da kin bi maganata da ba a kai ga haka ba,” ya ce. “Ki dawo ɗakinki Wurno, ɗiya ta tashi gidan ubanta, ke kina nan, ita tana nan. Mi ya hi wanga sauƙi?”

“Sa'adu, don Allah ka bar ni in ji da abu guda.”

“Ki ji da kyau,” Hajiya ta ce ba tare da ta waiwayo ba. “In ta hannun gidanku cutag ga ta hito, daga asibiti Wurno za ni wuce da ita. Ko zanen goyonta ba ni bari maki.”

Bara'atu ta cusa fuska a jikin ɗiyarta, hawaye na sauka a kan 'yar hular.

A asibitin, malamar da ke duba yara, wata gajeruwar mace mai suna Mashkura, ta ce uwa da mai dama madara kaɗai za su shiga. Hajiya ta zauna a benci tana huci. Musaddiq ya tsaya can gefen taga, a rana, don ba wanda ya yi masa tayin inuwa.

Malama Mashkura ta tuɓe yarinyar ta shafa cikin a hankali, ta duba baki da maɗiga.

“Tana amai? Kore ko rawaya?”

“A'a.”

“Kin ga jini? Jiki ya yi zahi?”

“A'a, Malama. Don Allah hwaɗa min gaskiya, hanjinta ya ƙulle? Mutuwa za ta yi?”

“Kwantar da hankalinki. Ɗan madarar gwangwani yakan yi kullum, wani shi tsallake kwana guda ko biyu, ba komi ba na in dai da laushi yah hito. Ba kwanakin kaɗai muka dubawa ba. Na ƙarshe da tay yi, ƙaƙa yake?”

“Ƙanana, masu tauri. Kamar na awaki.”

Malamar ta juya ga Inna Mairo. “Inna, dama min yadda kika dama mata a gida, in gani.”

Inna Mairo ta gyara zama, don an zo fagenta. Ta yi bisimilla, ta nitsa ɗan cokalin cikin gari, ta ɗago shi da tozo, ta danna da babban yatsa, ta ƙara tsoma shi ya sake yin tozo, ta juye a fida. Haka ta yi ta yi, a ƙarshe ta ƙara rabin cokali na gyara. Sai da ta gama sannan ta tsiyaya ruwa. Madarar ta fito da kauri kamar kunun gyaɗa.

“Inna,” in ji Malamar a hankali, “kullum haka kike yi?”

“Tun ranar hwarko. Ɗiyata, marainiya ta hwa. Ni da ban tauye wa baƙon kasuwa ba, in shahe wa marainiya cokali? Mi za ni ce wa Allah?”

Malama Mashkura ta ajiye fidar. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi.

“Wanga ba mudun gero ba na, Inna. Ruwa ka hwara zubawa, sannan cokali a shahe, ba tozo, ba dannawa. In gari ya yi yawa ruwa ya kasa, jikinta ka bushewa, kashin shi yi tauri. Da anka daɗe a haka, har ƙodarta sai ta taɓu. Allah ya sa kun zaka da wuri.”

Cokalin ya suɓuce daga hannun Inna Mairo ya faɗi ƙasa.

“Ni?” ta ce. “Da hannuna?”

Bara'atu ta sunkuyar da kai. Ba guba, ba sammu, alherin uwarta ne ya kusa kashe mata ɗiya. Kuma a bayan ƙofar nan akwai matar da ta rantse in laifin na gidansu ne za ta wuce Wurno da yarinyar. Ta ɗaga kai, sai idonta ya faɗa cikin na Musaddiq ta taga. Ya ji komai.

Malamar ta dama sabuwa yadda ya kamata, ta sa wa yarinyar wani ɗan magani, ta ce kada su kuskura su gwada irinsa a gida, sabulu da kanwa kuwa ko kusa. Ta nuna wa Bara'atu yadda za ta riƙa shafa cikin tana lanƙwasa ƙafafun kamar mai tuƙa keke. Bara'atu na yi tana kuka, tana kiran duk sunan Allah da ya zo bakinta.

Can Kyauta ta yi wani dogon yunƙuri, ta yi ja, ta yi ƙara. Sai ga shi. Ƙanana masu tauri da farko, mai laushi na biye.

Ban taɓa ganin wanda ya yi murna da kashi kamar Bara'atu ba. Ta rungume ɗiyar da ƙazantar da komai, tana dariya tana kuka tana alhamdu lillahi. Yarinyar ta sauke ajiyar zuciya, ta kama fida ta fara zuƙa.

Murnar ba ta kai ko'ina ba, ƙofa ta buɗe.

“To, mi anka samu cikin gwangwanin?” in ji Hajiya.

“Ba komi, Hajiya, madarar lahiyarta lau,” Malamar ta amsa. “Awon na anka cika, ta yi kauri da yawa. An gyara.”

“Anka cika. Wa yac cika?”

Malamar ta ce ita ba alƙali ba ce, ta fita kiran mai bi. Hajiya ta dubi Inna Mairo da ke zaune kamar an dasa ta, ta dubi cokalin a ƙasa. Bara'atu ta matse Kyauta har yarinyar ta saki fida. Leɓen Inna Mairo ya fara motsi.

“Ni na, Hajiya.”

Daga taga maganar ta fito. Musaddiq ya zagayo ya durƙusa a bakin ƙofa.

“Ni nik kawo madarar, ni nin nuna masu awon. Nic ce su riƙa cikawa da tozo don ta yi ƙiba da wuri. Inna ta ce anya, nic ce haka anka rubuta. Jahilcina na. Su ba su da laihi.”

Bara'atu ta buɗe baki, ya yi mata wani kallo guda, ta rufe.

“Na hwaɗa!” Hajiya ta tafa hannu. “Ko da gangan ko da wauta, hannunka na. To Bara'atu, ki saurara. Tunda ba daga gidanku ba na, na bar maki ita. Amma bisa sharaɗi. Wanga mutum ba shi ƙara taka ƙohwarku, ba shi ba madararshi, Sa'adu ka kawowa daga yau. Kuma ba ni son in ji daga bakin kowa. Ke za ki hwaɗa mai, yanzu, ina ji.”

“Hajiya, ki ji tausaina...”

“Shi ko ita. Ga mota can.”

Sa'adu ya kaɗa makulli. Bara'atu ta dubi Musaddiq. Mutumin da ya jira ta har ta yi aure ta fito, bai taɓa yi mata gori ba, yana durƙushe da ƙurar hanya a gira, yana gyaɗa mata kai alamar ta faɗa. Tana son shi, wallahi tana son shi, ba ta taɓa sanin yawan son ba sai yanzu da aka ce ta yanke shi da bakinta. Kyauta ta kama mata yatsa.

“Musaddiq,” ta ce, muryar ba ta fita sosai. “Kak ka ƙara zuwa.”

“Ban ji ba,” in ji Hajiya.

“Kak ka ƙara zuwa gidanmu! Na rabu da kai!”

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. “Na ji. Allah shi raya ta, shi yi mata albarka.” Ya ɗauki ledarsa ya fita. Ba su ga fuskarsa ba, ƙarar babur kawai suka ji.

La'asar ta yi lokacin da mota ta sauke su a Rimawa. Hajiya ta ƙi shiga gida, ta ce a mota za ta jira Sa'adu ya yi salla su kama hanyar Wurno.

A zaure, bayan ƙyaure, suka tarar da baƙar ledar nan. Ya riga su zuwa ya ajiye ya tafi. Inna Mairo ta ɗauka ta shige da ita ɗaki a ƙarƙashin hijabi. Sabon gwangwani ne. A jikinsa an ɗaure wani ɗan siririn katako da zaren taru, irin wanda masunta ke auna idon raga da shi, an kankare shi fes an goge gefensa ya miƙe sumul.

Sun daɗe suna kallonsa kafin su gane. Na shafe cokali ne.

Kyauta ta motsa tana neman abinci. Inna Mairo ta zuba ruwa a fida, ta ɗebo gari, ta ɗora katakon ta shafe. Tozon ya zube ya koma gwangwani. Karo na farko ke nan a rayuwarta da ta shafe awo, tana yi kamar mai sata.

Ta ajiye, ta jawo hijabin da ta cire.

“Inna, ina za ki?”

“Wurin Hajiya. Tun ina budurwa nike awo, ban taɓa cin ƙwayar kowa ba. Yau na zauna ina kallo bawan Allah ya ɗauki kayana ya aza bisa kainai. Ba ni iya kwana da shi, Bara'atu. Kuma in nih hwaɗa, kin samu mijinki.”

Bara'atu ta zube ta rungume ƙafafun uwarta.

“Za ta tahi da ita, Inna! Kin ji da kunnenki. Yanzu-yanzu za ta sa ta mota!”

“Sake ni.”

“Ba ni saki!”

“Ki ji tsoron Allah, ɗiyag ga. Shi hwa? Mi yay yi maki?”

“Ba abin da yay yi min sai alheri,” ta ce cikin shessheƙa. “Shi yaz zaɓa, Inna. Don ita yay yi. Kak ki zubar mai da shi.”

A waje aka ji an rufe ƙofar mota, injin ya tashi. Inna Mairo ta yunƙura da ƙarfinta, ta ja jiki har bakin ƙofar ɗaki, Bara'atu na jan gwiwa a ƙasa tana riƙe da ita. Taku kaɗan ne tsakaninsu da zaure. Kira ɗaya ya isa a tsayar da motar, a wanke Musaddiq, a dawo mata da shi.

Bara'atu ba ta sake ta ba.

Sai da ƙarar motar ta yi nisa, ta bi hanyar Wurno ta ɓace, sannan hannunta ya saki da kansa. Inna Mairo ta sulale ta zauna a dokin ƙofa.

“Kin san abin da kiy yi?”

“Na sani, Inna.”

Ta share fuska da gefen zane, ta rarrafa ta ɗauki Kyauta. Sannan ta jawo gwangwanin, ta ɗauki ɗan katakon da har yanzu ke ƙarnin kifi, ta ƙarasa awon da kanta.